Inabin Kan Dutse Ba Ya Gaggawar Nuna

Nassin nazari: Ishaya 5:1-7 da Joshuwa 14:6-14

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Kure ko bakin hanyar Bosso a Minna cikin watannin hunturu zai ga masu sayar da 'ya'yan itatuwa sun jera inabi kusa da lemo da ayaba da kankana. Wani daga ƙasashen waje aka kawo shi cikin 'yan robobi, wani kuwa daga gonakin Kudan ne, kusa da Zariya a Jihar Kaduna, inda manoma suka ƙware wajen ɗora kurangar inabi a kan rumfuna, suna girbinsa da rani. Yara suna sonsa saboda zaƙinsa, iyaye kuma sukan saye shi kaɗan-kaɗan saboda tsadarsa. Iyakar sanin da yawancin iyalai suka yi wa inabi ke nan, wato ɗan itace mai zaƙi da ake hanzarin ci, gama in ya kwana biyu cikin zafin Minna ya lalace.

Amma mai karanta Littafi Mai Tsarki ya san maganar inabi ta wuce haka. Tun daga Farawa har zuwa Wahayin Yahaya, da wuya a yi nisa ba a gamu da kuranga, ko gonar inabi, ko wurin matsewa ba. Wanda ya lura da kyau zai ga wani abu kuma: sau da yawa inda aka ambaci inabi mai kyau, akwai tudu ko dutse a kusa. Ishaya ya ce a kan tudu aka dasa gonar ƙaunataccensa. Irmiya ya yi alkawarin za a sāke dasa inabi a kan duwatsun Samariya. Amos da Yowel sun hango ranar da duwatsu za su zubo da sabon ruwan inabi. Yusha'u kuwa, da yake neman abin da zai kwatanta ƙanshin Isra'ila bayan tuba, sai ya tuna da ruwan inabin Lebanon, ƙasar tsaunuka. Me dutse yake yi wa inabi har annabawa suka riƙa haɗa su haka? Amsar tana da darasi babba domin kowane gidan Kirista da ke renon 'ya'ya, da kowane mai bi da furfura ta fara sauko masa.

Gargaɗi kafin a ci gaba

Wajibi ne a share hanya tun da wuri, domin kada wani ya ɗauki wannan nazari a matsayin izinin sha. Karo na farko da Littafi Mai Tsarki ya ambaci gonar inabi, ya ambace ta tare da kunya. Bayan jirgi ya sauka a kan duwatsun Ararat, Nuhu ya dasa inabi, ya sha, ya bugu, ya kwanta tsirara cikin alfarwarsa, abin kuma ya jawo la'ana cikin zuriyarsa (Farawa 9). A wannan yanki na tsaunuka ne, cikin kogon Areni a ƙasar Armeniya, masu binciken kayan tarihi suka tono wurin matse inabi da suka ƙiyasta shekarunsa kimanin 6,000, aka sanar da shi a 2011. Ashe tun zamanin dā inabi da dutse suke tare, haka kuma tun zamanin dā albarkarsa da haɗarinsa suke tafiya tare.

Karin Magana sura 20 da sura 23 sun zana hoton mashayi ba tare da rufa-rufa ba: jajayen idanu, raunuka marasa dalili, faɗa da gunaguni. Manzo Bulus ya umarci Afisawa su guji buguwa, su cika da Ruhu. Gidaje nawa ne burukutu da ogogoro da giyar kwalba suka rushe, kuɗin makarantar yara ya ƙare a mashaya? Saboda irin wannan damuwa ne wani likitan haƙori ɗan ɗariƙar Methodist a Amurka, mai suna Thomas Welch, ya fara dafa ruwan inabi a 1869 don hana shi zama mai sa maye, domin a yi amfani da shi a Jibin Ubangiji. Ikilisiyoyi da yawa sun bi wannan hanya har wa yau.

Saboda haka aikin manomi ake nazari a nan, yadda Ubangiji Yesu da kansa ya ɗauki misalai daga kuranga da salkuna da ma'aikatan gonar inabi. Wanda bai taɓa kiwon tumaki ba yana iya koyon darasi daga makiyayi. Haka wanda bakinsa bai taɓa ɗanɗana ruwan inabi ba yana iya karɓar wa'azin da kuranga take yi.

Gonar da aka tono cikin duwatsu

Ƙasar da Isra'ilawa suka gāda ƙasa ce ta tuddai. Urushalima tana wajen mita 750 zuwa 800 sama da doron teku, Hebron kuwa ta haura mita 900. Minna ba ta kai mita 400 ba. A can ruwan sama yakan sauka ne a lokacin sanyi, sa'an nan watanni su wuce babu ko ɗigo, a daidai lokacin da inabi ke ƙosawa, har a girbe shi wajen Agusta da Satumba. Kwaruruka masu laushi an bar wa alkama da sha'ir. Inabi da zaitun kuwa gangaren dutse aka ba su, inda garma ba ta tafiya da sauƙi.

Wannan ya sa waƙar Ishaya sura 5 ta jera aiki bayan aiki. Mai gonar ya kafce ƙasa, ya tsince duwatsu, ya zaɓi iri mafi kyau, ya gina hasumiyar tsaro, ya sassaƙa wurin matsewa. Duwatsun da aka tsince ba zubar da su ake yi ba. Da su ake gina 'yan katangu hawa-hawa a jikin gangare, domin su tare ƙasa kada ruwa ya kwashe ta. Har yau ana ganin irin waɗannan matakai a kewayen Baitalami da Hebron. Aiki ne na shekaru, wanda uba kan fara, ɗa ya ƙarasa, jika ya ci amfani. Shi ya sa Nabot ya gwammace ya rasa ransa da ya sayar wa sarki Ahab gonar kakanninsa. Sarki Uzziya ma, in ji 2 Tarihi 26, ya zuba masu aikin inabi a kan tuddai, gama shi mai son noma ne. Ezekiyel kuma ya lissafa ruwan inabin Helbon, wani gari cikin duwatsun arewacin Dimashƙu, cikin kayan da fatake ke kai wa kasuwar Taya.

Shari'ar Musa ta ƙara wa manomi haƙuri a kan haƙuri. Littafin Firistoci 19 ya hana cin 'ya'yan sabon itace har shekara 3. Na shekara ta 4 na Ubangiji ne. Sai a shekara ta 5 mai gona zai kai bakinsa. Wanda ya dasa inabi a ƙasar nan ya riga ya yarda zai yi gumi yau domin abin da ba zai ɗanɗana ba sai bayan damina biyar.

Abin da dutse yake yi wa inabi

Manoman inabi na zamanin nan, daga gangaren Dutsen Etna a Italiya zuwa lardin Salta a Ajantina, inda wasu gonaki suka kai wajen mita 3,000 sama da doron teku, sun tabbatar da abin da mutanen dā suka gane ta wurin lura. Abubuwa uku ne dutse yake yi.

Na farko, ƙasar dutse ba ta da kauri, ba ta kuma riƙe ruwa. Kurangar da aka dasa a fadama takan sami ruwa da taki a saman ƙasa, sai saiwarta ta tsaya nan kusa, ta yi ganye lif-lif, ta ba da manyan 'ya'ya masu yawa, cike da ruwa, amma ɗanɗanonsu salam. Ta kan dutse kuwa dole ta tura saiwa cikin tsagogin dutse, mita da yawa zuwa ƙasa, tana neman laima. 'Ya'yanta ƙanana ne, ba su da yawa, amma duk ƙarfin itacen a cikinsu ya taru. In fari ya zo, ta fadama ce take fara yaushi.

Na biyu, akwai sanyin dare. Duk hawan mita 1,000, zafi yakan ragu da wajen digiri 6. Wanda ya taɓa barin Minna a watan Maris ya kwana a Jos ya san wannan a jikinsa. Rana takan sa zaƙi cikin inabi, sanyin dare kuma ya hana tsaminsa gudu. A wuri mai zafi dare da rana, inabi kan nuna da sauri, ya yi zaƙi, tsaminsa ya ɓace. A kan tsauni a hankali yake nuna, ya ƙara makonni a jikin kuranga, zaƙi da tsami su daidaita.

Na uku, hasken rana ya fi kaifi a bisa, iska kuma ta fi kaɗawa. Domin ya kāre kansa, ɗan inabin yakan yi ɓawo mai kauri, mai duhun launi. Cikin wannan ɓawo da ƙwayar ciki akwai wani sinadari da masana ke kira tanin, shi ne mai kawo bauri, irin wanda ke ɗaure baki in an tauna goro ko ɗanyen ɗan itace. Mutanen ƙasar Hausa sun daɗe da sanin aikinsa ko da ba su san wannan suna ba. Shi ne ke cikin bagaruwa, wadda majema suke jiƙa fata da ita. Ɗanyar fata in an bar ta haka nan sai ta ruɓe ta yi wari. In ta sha bagaruwa, sai ta zama jakar da kaka zai bar wa jika. Abin da ke ɗaure baki shi ne ke hana ruɓa.

Bauri a ƙuruciya, daraja a tsufa

Ga inda darasin ya fi zurfi. Ruwan inabin da aka matse daga irin waɗannan 'ya'ya ba shi da daɗi yana sabo. Yana da tsami, yana da bauri, mai gaggawa zai ce ya lalace. Amma waɗannan biyun su ne ke riƙe shi. In aka ajiye shi wuri mai sanyi da duhu, a rufe sosai, shekaru sukan tausasa baurin, launi ya sauya, ƙanshin da ba a ji da fari ba ya fito. Na fadama kuwa, mai daɗin baki tun ranar farko, ba shi da abin da zai riƙe shi. Yawancin ruwan inabin da ake yi a duniya irin wannan ne, ba ya ƙaruwa da ajiya, cikin 'yan shekaru ƙarfinsa yake ƙarewa.

A Lebanon ɗin nan da annabi Yusha'u ya ambata akwai misali na zamanin nan. A 1930 wani mutum mai suna Gaston Hochar ya kafa gidan Chateau Musar. Gonakinsa suna Kwarin Beka'a, wajen mita 1,000 sama da doron teku, cikin ƙasa mai tsakuwa, wurin matsewar kuwa yana garin Ghazir, a ɗaya gefen tsaunukan Lebanon. Lokacin yaƙin basasar ƙasar, daga 1975 zuwa 1990, ɗansa Serge Hochar ya ci gaba da aiki, manyan motoci suna ratsa tsauni da shingayen mayaƙa ɗauke da inabi. A 1976 yaƙi ya hana su yin komai. Duk da haka al'adar gidan ita ce ba a fitar da babban jan ruwan inabinsu kasuwa sai ya shekara 7 a ajiye. Mutanen da ba su da tabbacin ganin gobe suna aikin da ba za a ga amfaninsa ba sai bayan shekara bakwai. In 'yan kasuwa sun iya irin wannan haƙuri saboda abin da ke cikin kwalba, ina misalin iyayen da aka danƙa wa rayukan 'ya'ya?

Ubangiji Yesu ya san wannan al'amari, gama a Luka 5 ya ambaci yadda wanda ya saba da tsohon ruwan inabi ba ya marmarin sabo. Ishaya 25 kuma, da yake kwatanta babban bikin da Allah zai shirya wa dukan al'ummai a ranar da zai haɗiye mutuwa, ya ce a kan dutse za a yi shi, da ruwan inabin da ya daɗe a ajiye, wanda aka tace sarai. Hausawa ma sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Manzanni sun faɗi wannan gaskiya game da mutum. Bulus ya koya wa Romawa cewa wahala ce ke haifar da jimiri, jimiri ya haifi tabbataccen hali, hali kuma ya haifi bege. Yakubu ya ce gwajin bangaskiya ne ke kai mai bi ga kammala. Yusufu ya bar gidan ubansa yana da shekara 17, bai tsaya gaban Fir'auna ba sai yana da 30, tsakaninsu kuwa rijiya ce da bauta da kurkuku. Yaron da ya riƙa ba da labarin mafarkansa ba tare da lura da zuciyar 'yan'uwansa ba, shi ne dattijon da ya rungume su da kuka ya gafarta musu. Baurin ya tausasa, ƙarfin bai tafi ba.

Tsufa kaɗai ba ya gyara kowa

Sai dai kada wani dattijo ya yi saurin murna, yana cewa shekaru sun riga sun mai da shi tsohuwar zuma. Ruwan inabi yana da hanyoyin lalacewa guda biyu, Littafi Mai Tsarki kuma ya san su duka.

Hanya ta farko ita ce iska ta shiga. In murfi ya yi sako-sako, wasu ƙananan ƙwayoyin halitta sukan mai da shi ruwan tsami, kamar yadda masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, ya bayyana a shekarun 1860. Tsamin da ya kamata ya riƙe shi sai ya rinjaye shi. Haka wahala take. Ba kowa ne take gyarawa ba. Akwai waɗanda suka sha wuya a ƙuruciya, aka zalunce su a wurin aiki, ko aka hana su gādo saboda bangaskiyarsu, ko aka manta da hidimarsu a ikilisiya, suka bar ƙofar zuciya a buɗe ga gunaguni. Yau sun tsufa, amma duk wanda ya zauna kusa da su sai haƙoransa su mutu. Wasiƙar Ibraniyawa sura 12 ta yi kashedi a kan saiwar ɗaci da ke tsiro ta ƙazantar da mutane da yawa. Gafara da addu'a su ne murfin tulu.

Hanya ta biyu ita ce zama wuri ɗaya. Sabon ruwan inabi yakan kwantar da datti a gindin tulu. Mai aikin yakan juye shi a hankali zuwa wani tulu, ya bar dattin a baya, ya kuma maimaita har ya yi garau. Irmiya 48 ya yi amfani da wannan hoto a kan Mowab: al'ummar da ta zauna cikin sauƙi tun ƙuruciyarta, ba a taɓa juye ta daga tulu zuwa tulu ba, saboda haka halinta bai sauya ba ko kaɗan, ƙarshenta kuwa fasa tuluna. Zafaniya ma ya tsawata wa mutanen Urushalima da suka daskare haka, suna ganin Allah ba zai yi komai ba. Mutum yana iya shekara 40 a kujera ɗaya cikin majami'a, fushinsa da rowarsa da tsegumin bakinsa suna nan yadda suke ranar da aka yi masa baftisma. Sauyin wurin aiki, ritaya, ciwo, rashin abokin zama, duk juyi ne daga tulu zuwa tulu. Mai bi mai hikima yakan tambayi kansa wane datti ne Ubangiji yake so a bari a baya.

Gonar Ishaya ma ta ba da kunya. Bayan dukan wahalar mai ita, 'ya'ya masu tsami marasa amfani ta haifa. Annabin ya fassara misalin da kansa: Allah ya nemi adalci, ya tarar da zub da jini da kukan waɗanda aka zalunta. Zama a kan tudu mai kyau bai isa ba. A Yahaya 15 Yesu ya nuna cewa shi ne kurangar gaske, Ubansa ne manomi, reshen da ya rabu da shi kuwa ba ya iya komai. Reshe mai ba da 'ya'ya ma ba ya tsira daga wuƙa, datse shi ake yi domin ya ƙara. Manoman Kudan sun san haka, gama sukan datse rassa har kuranga ta zama kamar ta mutu, daga nan ne sabon toho mai 'ya'ya yake fitowa.

Daga kan tudu zuwa fili

Mutanen Minna ba baƙin dutse ba ne. Kakannin Gbagyi a kan tuddai suka zauna, irin su tudun Paida, saboda hare-haren masu kama bayi. Suna hawa da ruwa da itace da doya a kafaɗa. Da jirgin ƙasa na Baro zuwa Kano ya fara aiki a 1911, mutane suka yi ta saukowa fili, gari ya bunƙasa a kewayen tasha, har ya zama babban birnin Jihar Neja a 1976. Bishara ma a kan dutse aka dasa ta a wannan ƙasa. Cikin mutum uku da suka zo a 1893 da nufin kai ta cikin ƙasar Sudan, Thomas Kent ya rasu a Bida a 1894, Walter Gowans ma ya rasu a shekarar, Rowland Bingham ya koma gida da ciwo. Sai a 1902 aka kafa tasha a Pategi, daga baya aiki ya kai Wushishi da Paiko. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932. Masu bi na farko sun sha kora da ba'a, sun koyi karatu da fitilar aci-balbal, sun yi tafiyar ƙafa zuwa sujada. Ƙanana ne, ba su da yawa, amma ɗanɗanon bangaskiyarsu yana bakin jikokinsu har yau.

Babu mai fatan a koma kan tudu, babu kuma mai roƙon tsanani. Sauƙi baiwa ce daga Allah, a karɓe ta da godiya. Tambayar ita ce: wane irin inabi ake nomawa a gidajen masu bi yanzu? Uban da ya sha wuya yakan rantse ɗansa ba zai sha irinta ba. Niyyar tana da kyau, amma sau da yawa takan wuce gona da iri. Yaro ba ya shara, ba ya wanke kwanonsa, ba a ce masa a'a. In ya fāɗi jarrabawa, a nemi hanyar saya masa sakamako. In malami ya hore shi, uwa ta tafi makaranta da faɗa. In ya yi kuka, a miƙa masa waya. Ana zuba masa ruwa da taki a saman ƙasa kullum, saiwarsa ba ta da dalilin nutsewa. Ranar da ya tafi jami'a ko bautar ƙasa, fari na farko ya same shi, sai iyaye su yi mamakin yadda ya yi yaushi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyaye su bar yaro ya ɗanɗana jira, ya tara kuɗin abin da yake so, ya ɗauki sakamakon kuskurensa, ya yi aikin gida ko da akwai mai aiki. Su koya masa buɗe Littafi Mai Tsarki da kansa, ya yi addu'a da bakinsa. Horon nan kuwa na manomi ne mai ƙaunar gonarsa, wanda ya gina mata katanga da hasumiya yana tsaronta dare da rana. Duka da zagi da hana abinci ba datsa ba ne, sara ne, Bulus kuma ya gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu har su fusata.

Haka kuma kada a yi saurin yanke ƙauna a kan yaro mai bauri, mai yawan tambaya, mai taurin kai a kan abin da ya gaskata. Sau da yawa irinsu ne suke tsayawa ranar da masu daɗin baki suka watse. Matasa kuma su yi hankali da wa'azin da ke alkawarin girbi a daren da aka yi shuka. Ma'aurata sababbi su sani shekarun farko suna da tsami da bauri, ba alamar lalacewa ba ce. Mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa.

Dattijon da ya roƙi dutse

Kalibu yana da shekara 40 sa'ad da Musa ya aike shi leƙen asirin ƙasar Kan'ana. A yankin Hebron, cikin Kwarin Eshkol, suka yanko nonon inabi guda wanda sai da mutum biyu suka ɗauko shi a sanda. Goma daga cikin 'yan leƙen asirin suka tsorata da ƙattin ƙasar. Kalibu da Joshuwa suka tsaya a kan alkawarin Allah, har jama'a suka so su jajjefe su. Saboda rashin bangaskiyar waɗansu, Kalibu ya yi ta yawo cikin jeji, yana binne tsararsa ɗaya bayan ɗaya. In akwai wanda yake da dalilin zama ruwan tsami, shi ne.

Amma bayan shekara 45, yana da 85, ya zo gaban Joshuwa ba da ƙorafi ba. Ya shaida cewa Ubangiji ya kiyaye shi, ƙarfinsa yana nan. Da aka zo rabon gādo bai nemi kwari mai laushi inda tsoho zai huta ba. Ƙasar tuddan nan ya roƙa, inda ƙattin suke, inda ya ga inabin tun yana saurayi. Aka ba shi Hebron. Nassi ya maimaita dalilin sau da sau: ya bi Ubangiji da zuciya ɗaya. Zabura 92 ta yi wa irinsa alkawari cewa waɗanda aka dasa a gidan Ubangiji za su ci gaba da ba da 'ya'ya har cikin tsufa.

Kammalawa

Ikilisiya tana bukatar irin su Kalibu, dattawa maza da mata waɗanda shekaru suka tausasa harshensu ba su rage gaskiyarsu ba, waɗanda matasa za su zauna kusa da su su tashi da ƙarfin zuciya. Irin waɗannan tun suna yara ake fara yinsu, a ɗakin uwa, a gonar uba, a makarantar Lahadi. Iyali su zauna cikin wannan wata su tambayi juna: wace wahala ce ake kāre yara daga gare ta alhali ita ce za ta zurfafa saiwarsu? Wane tsohon ɓacin rai ne yake tsamar da gidan? Wane datti ne ya kamata a bari a tsohon tulu?

A Kana ta Galili, uban biki ya yi mamaki da aka ajiye mafi kyau sai a ƙarshe. Haka Ubangiji yake aikinsa cikin waɗanda suka zauna a cikinsa. Allah, Manomi na gaskiya, ya ba iyaye hikimar datsa da ƙauna, ya ba matasa haƙurin nuna a kan lokaci, ya sa kwanakin ƙarshe na dattawa su fi na farko ƙanshi, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.